Zan bi maigida Ingila, amma ko imel ɗin da ake cika fom ɗin ban sani ba

Amaryar Bana
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Na daɗe ina leƙe ban taɓa cewa uffan ba, yau dai abin ya cika min ciki. Wata takwas ke nan da aurenmu. Maigidan yana Leeds, shekararsa goma sha ɗaya a Ingila, har ya samu fasfonsu. Yanzu muna shirin neman bizar da zan bi shi. Albashinsa fam 27,500 ne a shekara, ban da abin da yake samu in ya yi ƙarin awoyi. Wani abokinsa ya ce kuɗin bai kai ba, gara in shiga da bizar ziyara, in na isa a canza min. Shin haka ne? Sannan ni akanta ce, shekarata biyar ina aiki, ba na son in je in zama 'yar gadin ɗaki. Da na yi masa tambaya sai ya ce, "Ki bar komai a hannuna, ke dai ranar ɗaukar hoton yatsu kawai za ki je." Wallahi mutumin kirki ne, amma ko imel ɗin da yake cika fom ɗin da shi ban sani ba. Waɗanda suka riga ni, ku ba ni haske.

Malam Lissafi
Wa'alaikumussalam. Allah ya sanya alheri. Maganar abokin nan ki jefar da ita tun kafin ta jefa ku. Wanda ya shiga da bizar ziyara ba a canza masa zuwa ta aure daga cikin ƙasar, sai ya fita ya nema daga waje. In kuma aka lura kin ce ziyara alhali zama kika zo yi, kin ɓata takardunki da hannunki.

Batun kuɗi kuwa, daga 2012 albashin shekara da ake nema fam 18,600 ne, sai ranar 11 ga Afrilu 2024 aka mai da shi 29,000. Ana duba albashi ne kafin a cire haraji, kuma ƙarin awoyi yana shiga lissafi muddin ya fito a takardar albashi. Don haka ya ɗauko takardun wata shida na ƙarshe ya tara, ya lissafa abin da zai kama a shekara, mai yiwuwa ya riga ya haye bai sani ba. In bai haye ba, ana cike giɓin da ajiya: giɓin sau biyu da rabi, a ɗora 16,000. Ku giɓinku 1,500 ne, sau biyu da rabi 3,750, jimla 19,750. Sai kuɗin sun yi wata shida a asusu da sunansa ko naki ko na ku biyun, kuma ba bashi ba. Albashin da kike karɓa a inda kike yanzu ba ya shiga wannan nema na farko, amma ajiyarki tana shiga.

Amaryar Bana
Malam Allah ya saka da alheri. Ashe ma ajiyata tana da amfani, ni da ake cewa in zauna in jira.

Hajiya Maman Uku
Ƙanwata, bari in fara da abin da kika ajiye a ƙarshe, don shi ne babba. Shekarata tara a Birmingham, ta wannan hanyar na zo. Fom ɗin nan naki ne, ba nasa ba. Sunanki ne a sama, ke ce kike rantsuwa a ƙasa cewa duk abin da ke ciki gaskiya ne. Za a tambayi ranar da kuka fara haɗuwa ido da ido, yaushe kuka ga juna na ƙarshe, ko an taɓa hana ki bizar wata ƙasa. In ya manta ya rubuta "a'a" a inda ya kamata ya rubuta "e", ke ce kika yi ƙarya, ba shi ba. Ku buɗe kiran bidiyo, ya nuna miki allon, ku bi shafi-shafi.

Kuma yanzu an daina ba da katin zama da muke riƙewa a da, tun ƙarshen 2024 komai ya koma intanet. Izinin zamanki yana cikin wani asusu ne da ake buɗewa a shafin hukumar shige da fice. Daga can ake ciro lambar da za ki ba mai ɗaukar aiki ko mai gidan haya ya tabbatar da ke. A buɗe shi da imel ɗinki da lambar wayarki. Na nanata, naki.

Baban Yara
Hajiya, da girmamawa, amma irin wannan magana ita ke kashe aure tun ba a tare ba. Yarinya ta ce mijinta mutumin kirki ne. Bawan Allah zai zuba dubban fam don ya kawo iyalinsa, maimakon ku ce ta yi masa addu'a sai ku koya mata zargi. Ni na kawo tawa shekara shida da suka wuce, ni na cika komai, har yau ba ta san kalar fom ɗin ba, kuma lafiya lau muke.

Hajiya Maman Uku
Alhaji, Allah ya ƙara muku zaman lafiya. Tambaya ɗaya: in yau, Allah ya kiyaye, aka kwantar da kai asibiti ba ka iya magana, kuma bizarta saura mako biyu, wa zai sabunta?

Baban Yara
Ta riga ta samu zaman dindindin.

Hajiya Maman Uku
To, kun haye. Ita wannan shekara biyar ke gabanta.

Malam Lissafi
Tunda an taɓo shekara biyar, ga yadda tafiyar take. Bizar farko wata 33 ce. Kafin ta ƙare a sabunta, a ba da wata 30. Idan shekara biyar ta cika sai a nemi zaman dindindin. Kowane mataki da jarrabawar Turancinsa: matakin ƙwarewa na A1 a farko, A2 wajen sabuntawa, B1 a ƙarshe, haɗe da jarrabawar sanin rayuwar ƙasar, tambaya 24, sai an ci 18. In digirinki da Turanci aka koyar, akwai hanyar tantance shi ya tsaya a madadin jarrabawar. Kuɗin lafiya fam 1,035 ne a shekara tun Fabrairun 2024, wato 3,105 a karon farko, ana biya tun kafin a duba takardun. Kuɗin fom ɗin kansa wajen fam 2,000 ne, kuma suna yawan ɗaga shi, ku duba shafin gwamnati na gov.uk ranar da za ku biya. In an ƙi, kuɗin lafiya yana dawowa, na fom ba ya dawowa. Akwai kuma gwajin tarin fuka ga masu zuwa daga ƙasashen da ke jerinsu, a asibitin da suka amince da shi kaɗai, takardar wata shida take yi.

Mai Tura Keken Yara
Ni fa namiji ne, kuma ni aka kawo. Madam ma'aikaciyar jinya ce, ta zo da bizar aiki, na biyo ta da yara biyu. Namu tsarin daban ne da na Amarya, don ni ɗan rakiyar ma'aikaciya ne, amma ciwon ɗaya ne: takardarka tana rataye a jikin ta wani. Baban Yara, ba ka taɓa zama a wannan ɓangaren ba shi ya sa. Ni da nake da mutum bakwai a ƙarƙashina a ofis, na wayi gari ba ni da asusun banki, don banki na neman shaidar adireshi, kuma duk takardun gidan sunanta ne a kai. Kati ɗaya ne a gidan. In ta tafi aikin dare da shi a jaka, to ko kuɗin bas babu sai ta dawo. Ba rowa ba ce, mantuwa ce, amma ranar da na tsaya a bakin ƙofa da yaro a kafaɗa ina lalube aljihun rigar sanyi ko zan samu tsaba, na san abin da mata suke ji. Sai da muka sa sunana a takardar harajin gunduma da ta wuta, aka aiko wasiƙa da sunana, sannan banki ya saurare ni. Wasiƙar nan har yau tana nan na adana.

Amarya, makon farko ki sa ya ƙara sunanki a yarjejeniyar haya da harajin gunduma. Ba don banki kaɗai ba. Bayan shekara biyu da rabi za a ce ku kawo wasiƙun da ke nuna kuna zaune a gida ɗaya duk tsawon lokacin. Ki samu jakar takardu, duk wasiƙar da ta faɗo ta ramin ƙofa da sunanki ki jefa ciki.

Baban Yara
Wannan na yarda. Tsari ne, ba zargi ba.

Hajiya Maman Uku
Abin da na faɗa ke nan Alhaji, da yake namiji ne ya faɗa sai ya zama tsari. 😄

Anti ta Hamburg
Ku na Ingila ku gode wa Allah, ko ba komai kuna jin abin da ake faɗa a bas. Mu nan Jamus sai ka kawo shaidar Jamusanci matakin A1 kafin ma a ba ka bizar, galibi daga cibiyar Goethe. Ka iso, cikin mako biyu ka je ka yi rajistar adireshi. Sannan ajin sajewa da jama'a, awa 600 na harshe, 100 na sanin doka da tarihi. Da farko na ɗauke shi azaba. Daga baya na gane ajin nan ne ya cece ni, don shi ne kaɗai dalilin da zai sa in yi wanka in fita ƙarfe takwas na safe. A can na samu ƙawata ta farko, 'yar Siriya, ba ta jin yarena ba na jin nata, da guntun Jamusanci muke hira kamar yara. A nan sai aure ya yi shekara uku a cikin ƙasar kafin wanda aka kawo ya samu izinin zama na ƙashin kansa, sai dai in akwai cutarwa.

'Yar Minnesota
Amurka ma kusan haka ne. In auren bai kai shekara biyu ba ranar da kika shiga, katin zama na sharaɗi ake ba ki, na shekara biyu, sai ku nemi a cire sharaɗin cikin kwana 90 na ƙarshe. Kanada ce ta soke irin wannan sharaɗi a 2017, can da kin sauka kin zama mai zaman dindindin, shi kuma mai ɗaukar nauyin ya sa hannu zai riƙe ki shekara uku ko da an rabu.

Amaryar Bana
Na gode ƙwarai. To batun aiki fa? Kuma don Allah ku faɗa min gaskiyar zaman, ba irin ta hotuna ba.

Hajiya Maman Uku
Aiki kina da izini tun ranar da kika sauka, kowane iri, har sana'ar kanki. Bizar masu shirin aure ce, mai wata shida, ba a aiki da ita, ke kuwa an riga an ɗaura. Ki nemi lambar inshorar ƙasa, wato lambar da ake lissafa harajin ma'aikaci da ita, da wuri. Abin da babu shi ne tallafin gwamnati, za ki ga an rubuta a izininki cewa ba ki da haƙƙi a kuɗin jama'a. Asibiti da makarantar yara ba sa cikin wannan, kada wani ya tsorata ki. Ki yi rajista da likitan unguwa a makon farko, kyauta ne, kada ki jira sai ciwo ya zo.

Gaskiyar zama kuwa, a Nuwamba na zo, kuma ba na yi wa kowa fatan zuwa a Nuwamba. Maigida ya fita ƙarfe shida da rabi cikin duhu, ya dawo bakwai cikin duhu. A Disamba kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi. Gidanmu hawa na biyu ne, taga ɗaya ke kallon titi. Akwai wata tsohuwa da ke fitowa da ɗan karenta ƙarfe goma da ƙarfe uku, da ita nake gane lokaci. Ranar da ba ta fito ba sai da na yi kuka, ni da ban san sunanta ba. Kuma ba abin da ya fi ci min rai irin shirun. Maƙwabci zai yi miki murmushi a matakala, ya ce sanyi ya yi yawa yau, shi ke nan, an gama zumuncin mako. In na kira gida sai a ce "kina hutawa abinki", sai in ce e. Wa za ki gaya wa kina ƙunci a Turai ya saurare ki?

Wata huɗu na yi a haka, jikina duk ciwo, ina zaton wani abu ne babba. Likita ya auna jini ya ce sinadarin bitamin D ne ya yi ƙasa. Hukumar lafiyarsu ma tana ba da shawarar a riƙa shan maikirogiram 10 kullum a kaka da hunturu, masu duhun fata kuwa duk shekara. Amma abin da ya fi ƙwayar aiki shi ne ranar da na shiga ɗakin karatu na unguwa don in fake wa ruwan sama, na ga takarda a bango ana neman masu aikin sa kai. Awa uku a mako ina jera littattafai. Matar da ke kula da wurin ita ta rubuta min takardar shaida da na samu aikina na farko, don duk inda ka je sai a tambaye ka wa ya san aikinka a nan.

Mai Tura Keken Yara
Wannan tambayar ta "ka taɓa aiki a ƙasar nan?" ta kusa haukata ni. Aikina na farko ɗaukar kwali ne a rumbun kaya, da digiri biyu. Wata goma na yi. Ban ji kunya ba, amma ban gaya wa kowa a gida ba.

Malam Lissafi
Amarya tunda akanta ce, in kina da ACCA, wato takardar ƙwararrun akantoci, ko kin fara, tasu ce, ki ɗora daga inda kika tsaya. Digiri kuma akwai UK ENIC da ke ba da takardar kwatanta shi da nasu. Lasisin tuƙinki zai yi miki wata 12 daga ranar da kika zama mazauniya, bayan nan sai nasu, kuma layin gwajin tuƙi yana da tsawo, ki fara da wuri. Ga wani abu da zai sa maigida ma ya so ki yi aiki: wajen sabuntawa ana haɗa albashinku ku biyu.

(An ɓoye suna, ta hannun mai kula da zaure)
Na roƙi a saka min wannan ba da sunana ba. Ni ma mutumin kirki na aura, kowa ya shaida. A filin jirgi ya karɓi fasfona ya ce zai adana, na ga ba komai. Wayar da ya ba ni da sunansa take. Bayan wata shida ya canza, ko kuma dai ni ce na fara ganinsa. Kalma ɗaya yake riƙe da ni: "Waya ɗaya zan buga a mai da ke, kuma yarinya ta zauna." Shekara biyu na yarda da wannan magana, don ban taɓa karanta ko layi ɗaya na takarduna ba. Ma'aikaciyar lafiya da ke zuwa duba jaririya ce ta lura, ta tambaye ni a kicin da murya ƙasa-ƙasa ko ina da fasfona.

Abin da na sani yanzu: gaskiya ne in aure ya mutu ana sanar da hukuma, kuma yawanci a rage bizar zuwa kwana 60. Amma ba miji ke korar mutum ba. Wadda ta zo da bizar aure, aka cutar da ita, tana iya neman zaman dindindin da kanta ba sai shekara biyar ta cika ba, kuma akwai izinin wata uku da ake bayarwa da tallafi don ta samu inda za ta fake. Cutarwa ba duka kaɗai ba ce. Riƙe takardu, hana kuɗi, hana fita, tun 2015 laifi ne a dokar Ingila da Wales. In kin kira lambar gaggawa ta 999 ta wayar hannu ba ki iya magana, ki danna 55 in an buƙata. Ba na cewa naki haka yake, Allah ya sa ba haka ba ne. Ki dai ɗauki hoton kowace takarda ki tura wa wanda kika yarda da shi.

Baban Yara
Innalillahi. Baiwar Allah, Allah ya saka miki. Wannan ba miji ba ne, azzalumi ne. Amma ina nan kan bakata cewa irinsa ba su da yawa, kada a sa amare su shigo da garkuwa a hannu.

Anti ta Hamburg
Alhaji, ba garkuwa ba ce. Mai saka bel a mota ba direba yake zagi ba. Kuma ka duba ta ɗaya gefen: akwai mazan da aka aura don takarda, ana samun zaman dindindin aka watsar da su. Shi ma mai kawowa ya kamata ya san me ya sa wa hannu. Matsalar tsarin ce, ya ɗora mutum ɗaya bisa wuyan ɗaya na shekaru, ko mala'iku ne sai an ji nauyin.

Ɗan Makaranta
Afuwan in shigo da tawa. Ina digiri na biyu na shekara ɗaya a Coventry, zan iya kawo iyali?

Malam Lissafi
Tun Janairun 2024 an rufe, sai masu digirin bincike irin na uku, ko wanda gwamnati ta ɗauki nauyinsa. Masu aikin kula da tsofaffi ma an hana su tun Maris na shekarar. Ka buɗe naka zaren, kada mu karkatar da na Amarya.

Mai Kula da Zaure
Na goge saƙonni biyu na masu tallan "muna haɗa takardun banki". Duk wanda ya sake zai fita. A Ingila ba kowa ke da izinin ba da shawarar shige da fice don kuɗi ba, sai lauya ko wanda ya yi rajista da hukumar da ke sa ido a kansu. Abin da ake faɗa a nan gogewa ce, ba fatawar lauya ba.

Amaryar Bana
Na dawo da labari. Jiya da dare na ce masa ina son mu cika fom ɗin tare. Ya yi shiru, ya ce wa ya zuga ni. Na ce ba kowa, ni ce zan sa hannu. Da ya buɗe sai ga shi ya rubuta ranar haihuwata daidai, amma ya sa ban taɓa neman bizar wata ƙasa ba, alhali an hana ni ta Faransa shekara uku da suka wuce, lokacin wani taron ofis. Bai sani ba, ban taɓa gaya masa ba, don ban ɗauke shi abin faɗa ba. Mun gyara. Mun tara takardun albashin kuma, da ƙarin awoyin lissafin shekara ya haura 29,000 da ɗan kaɗan, amma wata ɗaya babu takardarsa, zai karɓo a wajen aiki ranar Litinin. Imel ɗin ma an mai da nawa, ko da yake sai da ya ce in ba shi kalmar sirrin, na ba shi.

Hajiya, in komai ya tafi daidai ina ga a Oktoba ko Nuwamba zan sauka. Wace irin rigar sanyi zan nema, kuma in saya kafin in taso ko in bari sai na iso?

Hajiya Maman Uku
Ki bari sai kin iso, wadda za ki saya kafin ki taso ba za ta yi ba. Ki ce ya zo filin jirgi da guda ɗaya mai hula wadda ruwa ba ya ratsawa, da safar hannu. Takalmi kuma ki ƙara lamba ɗaya saboda safa mai kauri. In kin sauka ki yi min magana ta akwati, akwai wata ƙanwata a Bradford, minti ashirin ne a jirgin ƙasa daga Leeds.